Dabba Ba Ta Da Bakin Kai Ƙara: Yadda Aka Koya Wa 'Yan Sandan Niyu Yok Bin Kadinta

A watan Janairu na shekarar 2014 'yan sandan birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka suka karɓi wani aiki wanda yawancinsu ba su taɓa zaton zai faɗo a kansu ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya ga ana azabtar da kare, ko an ɗaure doki an bar shi ba ci ba sha, ko an jefo kyanwa daga kan bene, 'yan sanda zai kira, su kuma wajibi ne su je su duba, su rubuta rahoto, kamar yadda za su yi in an fasa shago. Mun san waɗansu daga cikin 'yan'uwa masu karatu za su yi murmushi su ce wannan ai aikin waɗanda suka ci suka ƙoshi ne, mu da ba mu gama da barayin mutane ba ina mu ina ƙarar kyanwa. Mu ma da farko abin da muka faɗa ke nan. Amma da muka bi labarin daga tushe sai muka ga akwai abin dubawa a ciki, musamman da yake akwai 'yan sanda da yawa a cikin ikkilisiyoyinmu, har waɗansu dattawa ne a majami'un bariki.

Kafin mu je Niyu Yok bari mu biya ta Landan, gama can ne abin ya samo asali. A shekarar 1822 majalisar dokokin Ingila ta amince da dokar da wani wakili daga Ailan mai suna Richard Martin ya daɗe yana fafutuka a kanta, wadda ta hana cin zalin dawaki da shanu da tumaki. Doka dai ta samu, amma babu mai tsayar da ita. Sai wani limamin Angalika, Rabaran Arthur Broome, ya kira taro a wani gidan shan gahawa ran 16 ga Yuni, 1824, inda aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. William Wilberforce, wanda aka sani wajen yaƙi da cinikin bayi, yana cikin waɗanda suka halarta. Broome ya ajiye aikinsa na majami'a domin ya riƙe ƙungiyar, ya ɗauki mai sintiri yana biyansa daga aljihunsa, aka riƙa zaga kasuwar dabbobi ta Smithfield ana kai masu laifi kotu. Kuɗi suka ƙare, bashi ya taru, a 1826 aka jefa bawan Allah nan a kurkuku saboda bashin ƙungiyar, sai da abokansa suka haɗa kuɗi suka fito da shi. A lura fa, ba a kafa rundunar 'yan sandan Landan ba sai a 1829. Wato masu sintirin dabbobi sun riga 'yan sanda fitowa titi, kuma tun daga nan aikin ya zauna a hannun ƙungiyoyin sa kai, 'yan sanda suna kallonsa kamar ba nasu ba.

Haka abin ya ƙetara teku. Wani attajirin Niyu Yok mai suna Henry Bergh, wanda ya yi aikin jakadanci a Rasha ya ga yadda masu keken doki ke jibgar dawakinsu, ya tsaya a Landan a hanyarsa ta komawa gida ya ga yadda ƙungiyar can ke aiki. A watan Afrilu na 1866 ya kafa ƙungiyar da ake kira ASPCA, majalisar jihar kuma ta ba ma'aikatanta ikon tsayar da dokar. Mutanen gari sun yi masa ba'a ba kaɗan ba. A shekarar nan ta farko ya kai wani kyaftin na jirgin ruwa kotu saboda ya yi lodin kunkurun teku a rigingine, an huda ƙafafunsu an ɗaure da igiya. Kotu ta sallami kyaftin, jaridu suka samu abin dariya. Bergh bai fasa ba. Shekara kusan 150 ma'aikatan ƙungiyarsa suna ɗauke da wannan kaya.

To, me ya sa suka sauke? Lissafi ne kawai. Birnin yana da mutane fiye da miliyan 8, masu sintirin ƙungiyar kuwa ba su kai 20 ba. In aka kira su yau, sai a yi kwanaki kafin su iso, wani lokaci su tarar dabbar ta mutu ko an ɓoye ta. 'Yan sanda kuwa sun fi 30,000, suna da ofis a kowace unguwa, dare da rana suna kan titi. Aka fara gwaji a yankin Bronx a ƙarshen 2013, sa'an nan aka game birnin duka. Aka raba aiki: 'yan sanda su amsa kira, su yi bincike, su yi kamu, ƙungiyar kuma ta ba da likitocin dabbobi, da wurin ajiye dabbobin da aka ƙwato, da lauyoyi, da horo. Rundunar ta kuma ware ƙaramin rukuni na 'yan sandan ciki waɗanda ba su da wani aiki sai manyan laifuffuka irin waɗannan. Ƙungiyar ta ce cikin watannin farko yawan kamu da yawan dabbobin da aka ceto sun ninka fiye da sau biyu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne horon kansa, domin a nan ne wuyar aikin take. Darasi na farko shi ne sanin cewa dokar ma tana nan. A jihar Niyu Yok ba a rubuta laifin zaluntar dabba cikin kundin hukunta laifuffuka wanda ɗan sanda ke rayuwa da shi kullum ba. Yana can cikin dokar noma da kasuwanni, a sashe na 353, tsakanin dokokin madara da na ma'auni. Mutum yana iya shekara goma da kaki bai taɓa buɗe littafin ba. A 1999 aka ƙara sashe na 353-a, wanda ya mai da azabtar da dabbar gida da gangan babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2. An yi wannan ne bayan wani matashi a garin Schenectady ya zuba wa wata kyanwa kananzir ya cinna mata wuta a 1997. Ɗan sandan da bai san bambancin sassan nan biyu ba zai rubuta caji ba daidai ba, lauyan wanda ake tuhuma kuwa jira yake.

Darasi na biyu shi ne koyon karanta jikin dabba. Mutumin da aka yi wa duka zai ce wane ne ya buge ni, da kaza ya buge ni, ran kaza. Dabba ba za ta faɗa ba. Mun san labarin jakar Bal'amu cikin Littafin Ƙidaya, wadda aka buɗe mata baki ta tambayi ubangijinta dalilin dukan da yake yi mata, amma ɗan sanda ba zai zauna jiran irin wannan al'ajibi ba. Dole jiki ya yi magana a madadin baki. Saboda haka ana koya masa ya ɗauki hoto kafin ya taɓa komai: hoton wurin duka, hoton kwanon ruwa ko da busasshe ne, hoton sarƙa da tsawonta, hoton rauni da ma'auni a gefensa domin alƙali ya ga girmansa. Ana koya masa ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da hancinsa ya ji. In ya rubuta cewa kare yana cikin wahala, lauya zai tambaye shi a ina ya yi karatun likita. In kuwa ya rubuta cewa ya ƙirga haƙarƙarin karen daga nisan taku biyar, babu ruwa a kwano, kashi ya taru har ya rufe dandamali, to wannan ba mai iya musa masa.

Daga nan sai likitan dabbobi ya karɓa. Suna da ma'aunin ƙiba da rama, daga 1 zuwa 9, wanda wani masani mai suna Don Henneke ya tsara domin dawaki a 1983, akwai kuma irinsa domin karnuka. Lamba 1 ita ce dabbar da ta zama ƙashi da fata. Mai dabbar kusan kullum zai ce ciwo ne ya ramar da ita, shi yana ba ta abinci. Dabarar da ake yi mai sauƙi ce ƙwarai. Sai a auna nauyinta ranar da aka karɓe ta, a bincika jininta, a riƙa ba ta abinci da ruwa kaɗai a hankali, ana aunawa kowane mako. In ta murmure ba tare da wani magani ba, to yunwa ce, sikeli ya ba da shaida. In dabbar ta riga ta mutu, sai a duba kitsen da ke cikin ɓargonta, gama shi ne na ƙarshe da jiki ke cinyewa kafin yunwa ta kashe.

Haka nan in aka ce kare faɗowa ya yi daga kan gado. Hoton ƙashi zai nuna. Faɗuwa ɗaya karaya ɗaya take bari, ko kuwa karaya da yawa masu kwana ɗaya. Amma in likita ya ga haƙarƙari uku, ɗaya sabuwar karaya, ɗaya ta fara ɗoruwa, ɗaya ta warke tuntuni, ya san duka ne ake maimaitawa. Likitocin yara ma da wannan alama suke gane yaron da ake cin zalinsa a gida. Igiyar da ta nutse cikin wuyan dabba har nama ya rufe ta ba aikin kwana biyu ba ne, kaurin naman da ya tsiro yana nuna makonnin da aka yi. Har tsutsar da ke cikin miki tana da amfani, domin masana ƙwari sun san kwanakin da tsutsar ƙuda ke yi kafin ta kai kowane girma, saboda haka suna iya cewa wannan miki ya yi aƙalla kwana kaza ba a kula da shi ba. Wanda ya ce jiya-jiya ya ga raunin, tsutsa za ta ƙaryata shi.

Akwai kuma masu haɗa karnuka faɗa domin caca, wanda haramun ne a dukan jihohin Amurka. Ana koya wa ɗan sanda alamunsu: tabo a fuska da ƙirji da ƙafafun gaba, karnuka ɗaure da manyan sarƙoƙi kusa da juna amma ba sa iya taɓa juna, injin gudu na horar da kare, da sandar da ake ɓamɓare bakinsa in ya kama. A watan Afrilu na 2007 'yan sanda a jihar Bajiniya suka shiga wani gida suna binciken miyagun ƙwayoyi, sai suka tarar da irin waɗannan kaya da karnuka masu yawa. Gidan na shahararren ɗan wasan ƙwallo ne, Michael Vick, wanda daga baya aka ɗaure shi wata 23. Da a ce waɗanda suka shiga gidan ba su gane abin da suke gani ba, da sun nemi ƙwayarsu sun fita.

Wata wahala da ba a cika tunawa da ita ba ita ce, wannan shaida mai rai ce. Bindiga ko wuƙa in an ƙwace sai a sa mata lamba a kulle a ɗakin ajiya har ranar shari'a. Doki kuwa sai ya ci, sai ya sha, sai an yi masa magani, shari'a kuma tana iya ɗaukar shekara. Wa zai biya? Wannan tambaya ita ce ke sa ɗan sanda a wurare da yawa ya kau da kai, domin ya san in ya kama jakin, a ƙofar ofishinsa zai kwana. Abin da ya sa tsarin Niyu Yok ya yi tafiya shi ne ƙungiyar ta ɗauke wa rundunar wannan nauyi gaba ɗaya.

Mun kuma yaba da wani ɓangare na horon, wato rarrabe mugunta da rashi. Tsohuwar da ta tara kyanwoyi 40 a ɗaki har suka fi ƙarfinta, ko magidancin da karensa ya rame domin shi ma kansa bai ƙoshi ba, ba ɗaya suke da wanda ya ɗaure dabba ya ƙona ta domin nishaɗi ba. Irin na farko akan miƙa su ga ma'aikatan ƙungiyar, a taimaka musu da abinci da magani da shawara, a koma a duba. Doka in ba ta da wannan ido, talaka kawai za ta riƙa ci.

Yanzu sai mu koma kan tambayar mai murmushin nan: me ya sa rundunar da ke fama da masu kisa za ta ɓata lokaci a kan kare? Amsar da shugabannin 'yan sanda suka karɓa ita ce, hannun da ke dukan dabba sau da yawa ba a kan dabba yake tsayawa ba. A 1983 aka bincika iyalai 53 a jihar New Jersey waɗanda hukuma ke sa wa ido saboda rashin kula da yara. A cikin gidajen da ake dukan yaran, kashi 88 cikin 100 an tarar ana cin zalin dabba ma. A 1998 wani malamin jami'a, Frank Ascione, ya tambayi matan da suka gudu daga duka zuwa wani gidan mafaka a jihar Utah. Cikin masu dabbobi a gida, kashi 71 cikin 100 sun ce mijin ya yi barazanar cutar da dabbar ko ya cutar da ita ko ya kashe ta. Waɗansu sun ce sun jinkirta gudu domin tsoron abin da zai faru da dabbar a bayansu. Mugu ya san haka, shi ya sa yake yi a gaban yara, domin su ga abin da zai iya.

A jihar Massachusetts kuma aka ɗauki mutum 153 waɗanda aka gurfanar saboda zaluntar dabbobi, aka gwada tarihinsu da na maƙwabtansu masu shekaru irin nasu. Rahoton da ya fito a 1997 ya nuna sun ninka maƙwabtan sau 5 wajen laifin tashin hankali a kan mutane. Amma a nan sai mu ja hankalin iyaye da malaman makarantar Lahadi, kada a ɗauki abin ya wuce inda yake. Binciken nan bai nuna cewa da dabba ake farawa sa'an nan a hau kan mutum ba. Waɗansu da mutum suka fara. Yaron da ya jefi ƙadangare da danƙo bai zama ɗan fashi ba. Abin da aka gano shi ne laifuffukan nan tare suke tafiya, saboda haka wanda ya je duba kare ya buɗe ido ya dubi yaran gidan da matar gidan.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a Niyu Yok. A 1874 wata ma'aikaciyar Metodis mai ziyarar matalauta, Etta Wheeler, ta sami labarin wata yarinya, Mary Ellen, wadda mariƙiyarta ke duka tana kulle ta a ɗaki. Ta zaga hukumomi ba wanda ya motsa. Daga ƙarshe wurin Bergh mai dabbobi ta je, shi da lauyansa suka kai maganar kotu, aka ƙwato yarinyar, aka ɗaure matar shekara 1. Daga wannan shari'a aka kafa ƙungiyar kare yara ta birnin.

Sauran hukumomi sun biyo baya a hankali. A 2014 jihar Dakota ta Kudu ta zama ta ƙarshe cikin jihohi 50 da ta mai da mummunan zaluntar dabba babban laifi. Daga Janairun 2016 hukumar FBI ta fara ƙirga wannan laifi a layinsa na kansa, maimakon a zuba shi cikin tarkacen sauran laifuffuka kamar dā. A Ingila, a 2021, aka ɗaga hukunci mafi tsanani daga wata 6 zuwa shekara 5.

Ba ko'ina abin ya tafi sumul ba. A ƙasar Holan, a 2010, gwamnati ta yi alkawarin 'yan sandan dabbobi 500, a 2011 aka buɗe lambar waya 144 domin kai ƙara. Mutane da yawa, har da manyan 'yan sanda, suka ga siyasa ce kawai, suka laƙaba musu sunan ba'a. Da gwamnatin ta faɗi a 2012 sai aka rage shirin, aikin ya koma hannun 'yan sanda na yau da kullum waɗanda aka ba horo na musamman suna haɗa shi da sauran ayyukansu. A ganinmu wannan ya fi kusa da hankali. Kafa sabuwar runduna da sabon kaki abu ne mai tsada wanda ke mutuwa ranar da mai gidansa ya sauka. Koya wa wanda ya riga yana kan titi abin da zai duba ya fi araha, ya fi daɗewa.

Mu a nan gida dokar ba ta rasa ba. Kundin Final Kod da aka yi wa Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya hana duka da azabtar da dabba a sashe na 207, sashe na 208 kuma ya yi magana a kan ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta da barinta ba kulawa. Kundin laifuffuka na Kudu yana da sashe na 495, inda aka rubuta ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. Naira 50, 'yan'uwa, wadda yau ba ta sayen dusar da akuya za ta lasa. Mun taɓa tsayawa a bakin wata kasuwa muna kallo wani ya yi wa jakinsa lodin buhuna har ya durƙushe, ya shiga zabga masa sanda a kan mikin da ke gadon bayansa. Akwai ɗan sanda a tsaye taku kaɗan daga wurin. Da muka yi masa magana sai ya amsa cikin ladabi, ya ce ai jakinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Ba mu ga mugunta a fuskarsa ba. Bai dai san akwai sashen da ya ba shi ikon ya ce a sauke buhu biyu ba. Mu ma da ke tsaye, da ya tambaye mu lambar sashen a ranar, da mun yi shiru.

Ga kuma manyan motocin da ke kwasar shanu daga kasuwannin Arewa zuwa Legas, kwana da kwanaki a hanya, wata ta faɗi sauran su tattake ta, suna wuce shinge bayan shinge. Ga batun jakai, waɗanda ake yankawa domin fatarsu har Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da su a 2016, shugabannin Tarayyar Afirka kuma suka amince da hana yanka su domin fata a watan Fabrairu na 2024. Duk wata doka irin wannan a hannun kofur ɗin da ke bakin shinge take ƙarewa.

Ba ma cewa a kwaso tsarin Niyu Yok a dasa a nan, gama ba mu da ƙungiya mai asibiti da lauyoyi da za ta ciyar da shanun da aka ƙwace. Amma darasin farko, na sanin doka da ɗaukar hoto da rubuta abin da ido ya gani, bai wuce aikin 'yan kwanaki a aji ba, masu koyarwa kuma ba sai an ɗauko su daga waje ba. Rundunar 'yan sandan Nijeriya tana da sashen dawaki da na karnuka, da likitocin dabbobi masu kaki. Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kwalejin 'yan sanda kuma tana Kaduna. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana Vom tun 1924, daga ƙofarta zuwa kwalejin manyan 'yan sanda ta Jos kuwa tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba.